Ƙwaryar da Babana Ya Ƙi Karɓa

Shekarar da na shiga kwalejin koyon sana'a a Sokode, karatu ne kaɗai ba mu yi ba. Duk sauran abubuwa mun yi su. Mun yi yaji, mun yi zanga-zanga, mun rera waƙa har murya ta dushe, mun gudu daga barkonon tsohuwa da takalmi ɗaya a hannu. Togo gaba ɗaya ta tashi tana neman abin da ake kira dimokuraɗiyya, mu kuma 'yan shekara goma sha tara muka ɗauka don mu aka ƙirƙiro ta. In wake ya zo da ƙwari a ɗakin cin abinci, sai mu yi ta buga cokula a kwano muna cewa an take mana haƙƙi. In malamin lissafi ya ce gobe akwai gwaji, sai a ɗaga hannu a kaɗa ƙuri'a, kuma kullum shi ke faɗuwa. Na san a Lome ana rasa rayuka, rediyo na faɗa, manya na yin tsit in an zo wurin. Amma ba zan yi ƙarya ba, ni a lokacin kaina rawa yake yi, kuma ban sake jin daɗin wata shekara kamar wannan ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai. A kwanakin nan kowa sai an tambaye shi asalinsa. 'Yan ƙabilar Kotokoli suna da gindin mangwaronsu, na Kabiye suna taruwa wajen famfo, 'yan kudu sun kama barandar ɗakin ɗinki. Ni kuwa 'yar Zango ce, unguwar Hausawa. Babana mahauci ne, kakanninsa fatake ne da suka zo da jakuna suka ga wuri ya yi musu suka zauna. Hausa muke yi a gida, Kotokoli a kasuwa, Faransanci a aji. Uwata, wadda muke kira Mma, ba a maganar inda ta fito. Na san 'yar ƙabilar Moba ce daga wani ƙauye kusa da Tanjuware, can arewa, ta musulunta ta auri Baba. Na san uwarta tana raye. Na kuma san tun kafin a haife ni ba su sake sa juna a ido ba. In na tambaye ta dalili, sai ta ce in je in duba tukunya.

Kwalejin ta ɗauki wata mata aiki don ta kula da ɗaliban da suka zo daga arewa mai nisa, waɗanda yawancinsu su ne na farko a gidajensu da suka kai nan a karatu. Ba ta koyar da komai. Ita ke raka mara lafiya asibiti, ita ke rubuta wa iyaye wasiƙa, ita ke kutsawa ofishin darakta ta yi ta zuba in an tashi korar wani. Tanti kowa ke ce mata. Gajeriya ce mai jiki, Kirista, 'yar Moba daga Dapaong, kuma kafin ka gan ta za ka ji tarin makullan da ke ɗaure a ƙugunta. An ba ta wani tsohon sito a bayan kicin, ta share, ta shimfiɗa tabarmi. Ran Laraba da yamma, da ba a shiga aji, 'yan arewa suke cika ɗakin, ta tuƙa musu tuwon dawa, su yi ta yarensu. Dokarta ɗaya ce: wanda Faransanci ya kuɓuce masa a ɗakin nan, shi zai yi shara.

Wata safiya ina wucewa na ji makullai a bayana.

"Kai, yarinya, zo nan."

Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "kai" ne a wurinta, har matar darakta.

"Uwanka ɗan ina ne?"

Na ɗaga hanci na amsa mata da Faransanci cewa ni 'yar Zango ce.

"Ban tambaye ka Zango ba. Takardan haihuwanka yana wurina, na karanta." Sai ta faɗi sunan ƙauyen su Mma, ta faɗe shi yadda ban taɓa ji ba, kamar wurin da mutum zai iya zuwa ya dawo. "Na san garin nan. Ƙanen mijina can ya yi aure. Laraba ka zo."

Na ce ba zan zo ba. Ran Laraba na je, kuma har yau ina cewa ƙamshin daddawa ne ya ja ni.

Sati huɗu a jere ni na yi shara. Ba na jin ko kalma ɗaya, in an yi dariya sai in ɗauka da ni ake, sai in yi fushi, in na yi fushi kuma Faransanci ke fitowa, sai a miƙo mini tsintsiya ana tafi. Tanti ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. Ta zaunar da ni kusa da murhu ta fara da gaisuwa. Ashe gaisuwar Moba ta fi ta Zango tsawo, ni da nake ganin babu wanda ya kai mu. Sai an tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gona, a tambayi gajiyar jiya. Daga gaisuwa muka wuce ƙirge, daga ƙirge 'yan matan ajinmu suka koya mini zagi a ɓoye, shi ne kuma na fi saurin riƙewa. Kafin wata biyu ina rawarsu, ko da yake sun ce ƙuguna na Hausawa ne, ba ya jin magana. Na fara ɗokin Laraba fiye da ɗokin ranar zanga-zanga.

Wata Asabar na koma gida na tarar da Mma tana tsintar shinkafa a faifai. Shaƙiyanci ya kama ni. Na durƙusa na jero mata gaisuwar nan daga farko. Ba ta ko ɗago kai ba ta amsa, tana amsawa ina ƙarawa, har muka kai gona da gajiyar jiya, sannan ta ji abin da ke fita daga bakinta. Ta sa hannu ta toshe baki. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ta fi zurfi, ta fi sauri, kamar wata mata ce dabam ta zauna a kan kujerar uwata. Dariyar da na shirya ta maƙale. Ta leƙa ƙofa ta ga Baba bai dawo ba, ta jawo ni kusa, a ranar ta ba ni labarin da na yi shekaru ina roƙo.

Ta ce bayan aurensu da 'yan watanni ta ɗauki Baba ta kai shi ya gaida uwarta. A can ba a gaisawa da baƙo sai ya sha ruwa. Ana dama garin gero a ruwan sanyi, a kawo a ƙwarya, ya sha, sannan a san da zuwansa. Tsohuwa da kanta ta niƙa geron, ta dama, ta durƙusa ta miƙa wa surukinta da hannu biyu. Baba ya sunkuyar da kai ya kau da fuska. Ta sake miƙawa, bai karɓa ba. Ta miƙa na uku, ya ƙara juya baya. Sai ta miƙe ta zubar da ruwan a ƙasa a gabansa, ta ce mutumin da ke ƙyamar ƙwaryarta ya ɗauke mata 'ya, to 'yar ta je ta sha a tasa. Ta shiga ɗaki ta ja asabari. Ko kwana ba su yi ba. Da suka dawo Sokode wata maƙwabciya ta gaya wa Mma cewa ai dama Musulmi ba ya shan ruwan arna. Mma ta haɗiye wannan magana, ba ta taɓa tambayar mijinta ba.

"Kullum in na ji an ce mota ta zo daga Dapaong gabana faɗuwa yake," in ji ta. "Ina tsoron ranar da za a zo a ce mini ta mutu."

Ni mai saurin hawa ce, har yanzu da furfurata. Kwana biyu ban yi wa Baba magana ba. In na kai masa abinci sai in dangwarar. Lokacin rediyo na kawo mana wani dogon taro daga Lome inda ake tsayar da manya ana karanto musu laifinsu, sai na ƙudura ni ma zan tsayar da nawa babban a tsakar gida. Har na rubuta jawabi a bayan littafin ɗinki. Ran Litinin na kai wa Tanti don ta ƙara mini gishiri. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta karɓi jawabin, ta duba, ta naɗe barkono da shi.

"An tambaye shi?"

"Me za a tambaye shi, Tanti? Ga abin da ya yi."

"Shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya tambaye shi. Tashi mu je kasuwa, ina son nama."

Muka tarar da Baba a rumfarsa yana sara ƙashi a kan kututture. Tanti ta zaɓi tsoka, ta yi ƙorafin kitse, ta yaba wuƙarsa, ta gaya masa ni yarinya ce mai ƙoƙari in ban da baki. Sai can, kamar abin ya faɗo mata ne, ta ce ta ji ya taɓa zuwa ƙasarsu, yaya ya ga ruwan geronsu?

Baba ya gyara tsayuwa. Na ga fuskarsa ta yi irin yadda take yi in zai ba da labarin bijimin da ya taɓa kayarwa shi kaɗai.

"Madam, ban sha ba. Kuma wallahi ban taɓa jin ƙishirwa irin ta ranar ba. Tun asuba muke tafiya, harshena ya manne. Ga ruwa fari tas, sanyinsa har a fuskata nake ji. Sau uku tana miƙo mini, sau uku ina daurewa."

"Don me?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi don me ake alwala.

"Ni in sha ruwa a gaban surukata? In buɗe baki in haɗiya tana kallon maƙogwarona? Ai ba a daji aka rene ni ba. Na so ta san 'yarta ta auri mai kunya." Ya saukar da murya. "Amma ita ba wannan ne a gabanta ba. Ta riga ta tsane ni don na raba 'yarta da addininsu. A gabana ta zubar da ruwan."

Sai makullan Tanti suka fara ƙara. Ta dafa teburin nama, ta nemi benci ta zauna, ta jefa kai baya, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Masu sayen nama suka tsaya kallo. Ni ma abin ya zo mini gaba ɗaya. A Zango aka haife ni, na ga mijin yayata ya wuni a gidanmu da yunwa yana rantsuwa ya ƙoshi, na san suruki ba ya ci ba ya sha a gaban uwar matarsa, Mma ma ta sani, amma ba wanda ya taɓa ɗora wannan a kan wancan. Maganar maƙwabciya ta riga ta zauna ta tare hanya. Na yi dariya har na durƙusa, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Baba na tsaye da wuƙa a hannu yana tambaya ko lafiya.

Da Tanti ta samu numfashi ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a wurinsu wanda ya ƙi ruwan baƙo tamkar ya ce gidan ƙazami ne, ko kuwa ya zo da mugun nufi. Ta ce tsohuwa ba ta ga kunya ba, ƙyama ta gani. Baba ya ajiye wuƙar. Ya tambaya sau biyu ko da gaske ne. Sannan ya rufe sauran naman da buhu ya bar wa maƙwabcinsa, ya tafi gida da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da zazzaɓi ya kama shi.

Na ɗauka washegari za mu kama hanya. Ina. Baba ya ce da wane ido zai kalli matar nan. Mma ta ce in aka sake korar ta ba za ta iya ɗauka ba. Suka zauna suna kallon juna kamar sababbin aure, ni kuma ina zagaya tsakar gida ina huci.

Yajin aiki ne ya raba gardamar. Wannan karon babba ne, malamai suka ajiye alli, aka rufe kicin, aka ce kowa ya tafi gida har sai an neme shi. Ya rage wa Tanti ta kai 'yan arewa gidajensu. Ta samo wani direba ɗan Nijar da ya sauke albasa zai koma wofi, ta rubuta sunayen ɗalibanta, a ƙasa ta ƙara nawa ba tare da ta tambayi kowa ba. Kwana uku kafin tafiya ta sa ni a gaba da ƙwarya.

"Hannu biyu. Kar ka shinshina. Kar ka ce ka ƙoshi, kar ka ce sai an jima, kar ka yi mini kunyan Zango. Aka ba ka, ka sha."

Na sha ruwan gero a kwana ukun nan har in na yi tafiya ana jin cikina.

Tafiyar kanta biki ce. Mu wajen talatin a bayan babbar mota mai warin albasa, kowa na zaune a kan akwatinsa, ana waƙa tun daga tashar Sokode. Matsalar ita ce shingaye iri biyu ne a hanya. Akwai na samari masu gungume a titi da ganye a ka, waɗanda ba sa ɗaga itace sai kun yi musu waƙar canji. Akwai na sojoji, waɗanda in suka ji wannan waƙar za ku wuni a rana. Daga bayan mota kuwa ba a ganin na wa ke gaba. Sai Tanti, da ke zaune kusa da direba, ta ce in ta fito da makullai ta taga ta kaɗa, mu yi waƙa, in ta fito da ɗankwali, mu zama kurame. Bayan garin Kara ta yi gyangyaɗi, ta farka a firgice ta fito da duka biyun. Rabinmu suka ɓarke da waƙa, rabi suka toshe musu baki. Allah ya taimake mu ba shinge ba ne, shanu ne ke tsallaka titi. Har garin Mango muna dariyar wannan, in ta lafa sai wani ya yi kukan saniya a sake.

Muka isa Dapaong da la'asar, aka rarraba kowa, na kwana a gidan ƙanwar Tanti. Da safe muka hau motar kasuwa zuwa Tanjuware, daga nan muka taka. Gonakin gero da dawa ta ko'ina, duwatsu jajaye, gidaje zagayayyu kowanne a tsakiyar gonarsa. Tun da muka bar titi dariyata ta ƙare. Ina ta maimaita gaisuwa a zuci, tana ta tsere mini.

Kakata na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, amma goshin Mma ne sak, har da yadda take tattara shi in tana duban abu. Tanti ta tsaya daga nesa ta faɗi ko ni wace ce. Tsohuwa ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ta kakkaɓe zaninta ta shiga ciki. Matar kawuna ta shimfiɗa mana tabarma. Can muka ji ƙarar dutsen niƙa. Tanti ta taɓa ni da gwiwar hannu, ni kuma na shirya hannuwana biyu a kan cinya.

Da ta fito, ba ƙwarya ce a hannunta ba. Kofin tasa ne fari mai shuɗin baki, sabo fil, har takardar kanti na manne a gindinsa. Ta riƙo shi ta ƙasa da wani tsumma mai tsabta, don kada yatsunta su taɓa inda zan sa baki. Matar kawuna ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, Tanti ta juya mini, kuma wannan karon muryarta ba wasa.

"Ya ce tsohuwa ya sayi kofin nan a kasuwan Dapaong sati ɗaya bayan uwanka ya tafi. Ba wanda ya taɓa sha a ciki. Ya ajiye ne ko za ku dawo."

Abin ya soke ni. Matar da aka ce ta kore mu, ashe shekara ashirin da ɗoriya tana ajiye da kofin da take ganin ya dace da tsabtarmu. Ban so kofin nan ba ko kaɗan. Amma in na ƙi shi, na zama Baba na biyu. Na dubi Tanti, ta ɗauke kai, wannan ba ya cikin abin da ta koya mini.

Na karɓa da hannu biyu na shanye har na ƙware. Ina tari na miƙe, na wuce tsohuwa, na shiga tsakar gidanta ba sallama. Kusa da dutsen niƙa ga ƙwaryar da ta dama geron a ciki, tsohuwa, baƙa, an ɗinke tsagarta da zare, da sauran ruwa a ciki. Na ɗauko ta na dawo na durƙusa a gabanta, na kafa kai. Ya fi ƙarfin cikina, amma ban sauke ba sai da na ga gindinta. Gari ya yi mini gashin baki. Na ajiye, na fara gaisuwa, na kai tambayar gona sai kuka ya ƙwace.

Ba ta rungume ni ba. Kunnena ta kama ta murɗa, ta jawo fuskata kusa da tata, ta sa babban yatsa ta goge mini garin. Sannan ta amsa gaisuwar tun daga farko, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Da aka natsu Tanti ta ba ta labarin rumfar nama. Tsohuwa ta sa aka maimaita mata. Ta tambaya ko mutumin yana da lafiya. Tanti ta ce lafiyarsa ƙalau, haka al'adarsu take, girmamawa ce. Ta sake tambaya, wato yana jin ƙishirwa? Aka ce kamar ya mutu. Sai ta fara dariya, bakin ba haƙori ko ɗaya, tana bugun cinya, tana kiran maƙwabta su zo su ji. Namiji da gemunsa, wai kunyar maƙogwaro. Gidan ya cika, kowa ya zo sai an sake ba shi labari, wani tsoho har ya kwaikwayi yadda Baba ya kau da kai, don ashe yana wurin a ranar. Muna cikin haka dariyar tsohuwa ta juye. Ta ja bakin zani ta rufe fuska. Da ta buɗe ta yi magana gajeriya, Tanti ta fassara.

"Ya ce ka gaya wa ubanka ya zo, ya kawo masa ɗansa. In kunya ne, shi zai je bayan rumbu ya tsaya har a gama sha."

Direban albasa ne ya kai saƙon. Ni na zauna a ƙauyen, tunda ba makaranta, ina ɓarar gyaɗa ina shan zagi a kan yadda nake riƙe taɓarya. Tanti ta koma Dapaong, amma ta ce ko ana ruwan wuta a aiko mata ranar da za su zo, ba za a yi wannan ba ita.

Bayan sati uku suka iso, da hantsi. Baba ya sa babbar rigarsa ta Idi, yana tafe yana gumi. Mma na bayansa, ta tsaya a bakin gida kamar baƙuwa, ba ta iya ɗaga ido ba. Tsohuwa ta dube su, ba ta ce uffan ba, don ba a sha ruwa ba tukuna. Ta shiga ta niƙa, ta dama, ta fito da baƙar ƙwaryar. Ta miƙa mini ta nuna Baba da haɓa, sannan ta juya ta nufi bayan rumbu da 'yar sandarta, kamar yadda ta yi alkawari. Maƙwabta sun cika katanga, ana ta danne dariya.

Baba ya yi gyaran murya.

"Madam," ya ce da Tanti, "ki ce mata ta dawo. Da hannunta nake so."

Tsohuwa ta dawo a hankali. Ta karɓi ƙwaryar daga hannuna ta miƙa masa. Ya durƙusa har rigar na jan ƙasa, ya karɓa da hannu biyu. Mutumin da ke feɗe sa ba tare da ya huda fata ba, sai ga ruwan na zubar masa a kan aikin rigar. Ya runtse ido ya sha, ita kuwa ta tsaya a kansa tana kallon maƙogwaron nan yana hawa yana sauka, ba ta ko ƙifta ba. Ba wanda ya yi dariya. Da ya sauke, kunnuwansa kamar za su kama wuta, ya juya ya miƙa wa Mma sauran. Ta sha.

Sai a sannan tsohuwa ta dubi 'yarta. Ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da take da shi kafin ta zo Zango. Mma ta amsa.